Sanyin Ɗakin Ajar-apa

Bishkek,
6 ga Disamba.

Zuwa ga maigidana, Baban Sezim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya sanyin Surgut can Rasha, yaya kuma gwiwar nan taka? Sezim tana gaishe ka, jarrabawa ce ta sa ta a gaba. Na haɗo maka kurut, busasshen cukun nan namu, da safa ƙafa biyu ta hannun matar nan mai aikin jirgin ƙasa. Idan ka ga ledar ta rame, ka san cikin da ya ci.

Na ɗauki biro ne don katin waya ba ya isata in amayar da abin da ke raina. Mako uku ke nan da aka sako ruwan zafi a bututun gidanmu, kuma tun ranar ban huta da ɓacin rai ba. Kada hankalinka ya tashi, ba a wurinmu matsalar take ba. Aikin da ka yi kafin ka tafi ya yi kyau ƙwarai. Farin bawul ɗin nan mai lambobi da ka ɗaura wa ƙarfen ɗumi na falo, na bar shi a kan uku kamar yadda ka ce, shi yake jin zafin ɗaki da kansa ya rage ruwa ko ya ƙara. Ba gumi, ba rawar ɗari. Bangon allon da ka rufe bututun da shi kuwa, Raya ta hawa na uku ta hau ta shafa shi, ta ce kamar otal. Baki na yabo, ido na hassada.

Ƙasa da mu ne abin ya lalace. Mu a hawa na biyar daidai muke, na huɗu da dama-dama, Raya na kwana da riga biyu, Ajar-apa kuwa, tsohuwar da duk muke kira apa, wato inna, a hawa na ɗaya falonta ya zama firji. Wallahi idan ka yi magana a ciki kana ganin hucin bakinka. Kicin ɗinta kuma kamar tanda, don bututunsa daban ne. Tsohuwa 'yar shekara tamanin da ɗaya ta ja katifarta ta shimfiɗa tsakanin tukwane da bokitin shara, a nan take kwana, a nan take salla. Bangon falon ya yi baƙi da fumfuna, hoton marigayi mijinta har ya kumbura. Warin da ke tashi a wurin ba zan iya rubuta maka shi ba.

Na je ofishin kula da gidaje. Matar da ke zaune a teburin tana ɓare 'ya'yan furen rana tana tofa ɓawon a cikin kofin shayinta, ko ɗaga ido ba ta yi ba, ta ce in rubuta takarda. Na rubuta. Bayan kwana biyar suka turo Usta Jumash mai gyaran famfo, ka san shi, wanda ake jin warin albasa da barasar jiya tun yana tsakar gida. Ya shiga da takalmansa ya taka dardumar da apa ta ɗinka da hannunta. Ya ce iska ce ta toshe ƙarfen. Ya murɗa wata 'yar ƙusa a jikin ƙarfen, abu ya yi tsiii, baƙin ruwa ya fesa a labule. Ya goge hannu a wandonsa ya ce an gama. Ƙarfen ya ɗan yi ɗumi na awa guda ya koma yadda yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗanta Mederbek. Ya zo daga Tokmok ran Asabar, ya tsaya a tsakiyar falon bai ko cire hula ba, ya ce shi ba zai bar uwarsa ta mutu a rami ba. Ya yanke rana: Lahadi, sha uku ga Janairu, idan ɗakin bai yi ɗumi ba zai zo da mota ya kwashe ta. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan ɗaki, daga nan aka fitar da gawar mijinta. Bayan ya tafi ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yata, idan suka kai ni can, matarsa za ta ajiye ni a kusurwa kamar tsohon buhu." Ni ban yarda tausayi ne ya kawo shi ba, ɗakin yake hange. Na yi mata alkawari babu inda za ta.

Yau Alhamis, na yi yadda na saba. Na kwaɓa fulawa tun safe, na ɗora kwanon a kan ƙarfen falo na lulluɓe da tsohuwar rigarka ta fatar tunkiya har ya tashi, na soya borsok, fanken nan namu, don mamatanmu su ji ƙanshin mai, na kai mata ta yi addu'a. Ta ce ta lura Alhamis ta fi kowace rana sanyi, wai mamatan ne ke zuwa da nasu sanyin. Na yi dariya don ta yi, amma yatsunta ba su iya riƙe carbi ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa ɗaure gwiwar. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Burul.

Bishkek,
20 ga Disamba.

Zuwa ga Baban Sezim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na ji daɗin jin muryarka ran Lahadi, ko da yake layin ya yi ta yankewa. Maganar da ka jaddada har sau biyu na riƙe ta: kada in bar kowa ya taɓa bawul ɗinmu ko bangon, don masu gyaran ofis ɓarna kawai suka iya. Ai ko ba ka faɗa ba, bayan abin da idona ya gani.

Bari in ba ka labari. Usta Jumash ya dawo ya ce ba iska ba ce, laka ce ta cika ƙarfen apa. Ya sauka ɗakin ƙasa ya rufe ruwan ɓangarenmu, ya kwance toshiyar ƙarfen, ya waiwaya ya ga babu bokiti kusa, sai ya jawo kwanon tagullar da take dafa zumar 'ya'yan itace a ciki. Abin da ya fito, Baban Sezim, baƙi ne mai kauri, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwano uku. Sai da na fita na tsaya a bakin ƙofa. Na wanke kwanon da toka, na wanke da soda, har yau idan na kai hanci ina jin abin. Bayan duk wannan ƙazantar, ƙarfen yana nan yadda yake, saman da ɗan ɗumi kamar shayin da aka manta, ƙasan kamar dutse.

Daga nan sai gidan ya kacame. An yi taro a kan matakala, kowa na nuna wa kowa yatsa. Aka ce mutumin hawa na huɗu ya ja bututu zuwa barandarsa yana ɗumama tulunan kabeji, aka shiga aka duba, babu komai sai ƙazantar gwauro. Raya ta ce laifin tashar wuta ce, mijinta ya ce laifin gwamnati ne, tun da aka haife shi kuwa bai taɓa riƙe sifana ba. Mutum goma sha ɗaya suka yi awa guda suna haushi, babu wanda ya ce bari in leƙa tsohuwar. Tir da maƙwabtaka irin wannan.

Sai ga shi ran Talata Usta ya ƙwanƙwasa tawa ƙofar. Wai ya bi bututun da hannu tun daga rufin gida, wai ruwan yana shiga wurinmu da zafinsa yana fita a gajiye, yana so ya ga farin abin da aka ce mun ɗaura. Na tsaya a bakin ƙofa na tare. Na ce mijina mai walda ne tun kai ba ka san bambancin ƙusa da kusurwa ba, ka gama ɓata ɗakin tsohuwa yanzu kuma nawa kake nema? Ya ce, "Ƙanwata, kallo kawai zan yi." Na ce ya je ya kalli madubi. Ya dawo jiya, na ji shi na yi shiru kamar ba kowa. Na san Raya ce ta zuga shi, bangon nan ne ya tsone mata ido.

Apa ta fara tari. Na kai mata hitar lantarkinmu, amma ka san wutar bana, ta zo awa biyu ta tafi awa huɗu. Kullum ina sauka da shorpo, romon nama mai zafi, ina shafa mata kitsen tunkiya a ƙirji. Tana ta sa mini albarka, ta ce ko 'yar da ta haifa sai haka. Saura kwana ashirin da huɗu, kuma ban san ƙofar da zan ƙara bugawa ba.

Sezim ta gama jarrabawa lafiya. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Burul.

Bishkek,
10 ga Janairu.

Baban Sezim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, in dai tafiya da ƙafa biyu ake kira lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan.

Jiya likita ta zo ta saurari ƙirjin apa, ta ce sanyi ya kama huhunta na dama, ta rubuta allurai. Da za ta fita ta dubi falon ta tambaya ko gidan nan babu mutane ne. 

Yau da hantsi Usta Jumash ya sake zuwa ƙofata, karo na huɗu, don na ukun ma ban buɗe masa ba. Bai sha komai ba, har aski ya yi. Ya ciro wata ƙazamar takardar sigari daga aljihu, ashe tun farkon Disamba kullum sai ya taɓa bututun hawa na huɗu ya yi alama. Ya ce, "Ƙanwata, ki zage ni yadda kike so, amma ki gaya mini me kike yi a ɗakin nan kowace Alhamis." Maganar likita na kunnena, sai na matsa na ba shi hanya. Ya cire takalma, ban ce ya cire ba.

Kwanon fulawa yana kan ƙarfen. Ya ɗaga rigarka ta fata, ya nuna mini yadda gefenta ya rufe farin kan bawul ɗin ruf. Ya ce abin nan ba shi da ido, zafin da ke kewaye da shi kawai yake ji. Idan aka lulluɓe shi sai ya ɗauka bazara ta yi, ya rufe ruwa gaba ɗaya. Sauran ranaku kuwa, da zarar falonmu ya yi daidai sai ya maƙure ruwan ya bar ɗan tsiyayi. Na ce to ina ruwan hawa na ɗaya da bawul ɗina? Ya dube ni kamar yadda ake duban yaro. Ya ce bututu ɗaya ne tak yake saukowa daga rufi, ya ratsa ƙarfenmu, ya ratsa na kowa har ƙasa. Shi ya sa a gaban kowane ƙarfe akwai wani guntun bututu da suke kira gada, don ko mai ɗaki ya rufe nasa ruwa ya bi ta nan ya wuce wa na ƙasa. Ya ƙwanƙwasa bangon allonka da yatsa ya ce, "Idan gadarku na nan a ciki, ki tofa mini yawu a fuska."

Ni na ɗauko gatarin sara nama daga kicin. Ni na sari bangon, ban ba shi ba.

Babu gada. Kututture biyu ne kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an yanke an toshe da walda mai kyau, sumul kamar ɗinki. Na san hannun. Shekara goma sha tara ina kallon waldar nan, ko a duhu zan gane ta.

Ya kwance farin kan ya miƙo mini. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da ya maƙale a ciki, ya ɗan bubbuga shi da filaya ya fito, nan take muka ji ruwa na gudu a bututu yana ƙugi. Kafin azahar Raya ta buɗe tagarta. Da la'asar na sauka, ƙarfen apa ba ya taɓuwa don zafi, bangon na ta zubar da gumi.

Ka sani. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Da kuskure ne, da ba ka ce mini sau biyu kada in bar kowa ya taɓa bangon ba, alhali na riga na gaya maka inda tsohuwar take kwana. Ka yanke gadar don duk zafin ya bi ta falonka, ka rufe da allo, ka manna takarda mai furanni, ka hau jirgi. Ka bar ni ina gadin ƙazantarka kamar karen ƙofa, ina zagin mutumin da ya fi mu gaskiya. Tsohuwar nan ita ta yi wa Sezim wankan kwana arba'in, ita ta zauna da ni lokacin da mahaifiyarka ta rasu kana Kazakistan. Ni kuwa kowace Alhamis ina rufe mata ruwa da hannuna don in soya mata borsok, tana sa mini albarka. Na zubar da kwaɓin yau a shara. Ƙyamar kaina nake ji, har ba na son ganin hannuna.

Da zai tafi Usta ya ce ba sai kowa ya ji ba, zai ce wa mutane iska ce ta fita daga ƙarshe. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ka ga irin matar da kake aure.

Burul.

Bishkek,
14 ga Janairu.

Zuwa ga Baban Sezim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Sezim lafiya, apa ma zazzaɓin ya sauka tun Asabar, allurai suna aiki.

Jiya Mederbek ya zo da mota kamar yadda ya ce, da bargo biyu da kwalbar ruwan zafi a kujerar baya. Ya shiga falon ya tarar da shi ɗumi, uwarsa na kan gadonta. Ya taɓa ƙarfen ya janye hannu. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ce da Usta, wanda ya zo duba ƙarfen, me aka gyara? Usta ya sunkuyar da kai ya ce iska ce. Mederbek ya ce ran farko ma iska aka ce, ta yi ɗumi awa guda. Ya ce shi ba zai bar uwarsa da huhu ɗaya a ɗakin da ba wanda ya san dalilin sanyinsa ba, don abin da ba a san ya aka yi ya tafi ba, gobe ma zai dawo. Ya fara naɗe kayanta. Na dubi fuskarsa da kyau, Baban Sezim, mutumin nan bai yi barci ba kwana da kwanaki. Ba ɗakin yake hange ba. Wannan ma ƙaryar da na yi wa kaina ce.

Apa ba ta yi kuka ba, ta ce a miƙo mata hoton mijinta kawai. A nan na kasa jurewa. Na ce su biyo ni sama. Mederbek da Usta da Raya, wadda ba a kira ba amma ta zo, suka hau hawa biyar suka tsaya gaban ramin da na sara. Na faɗi komai, gadar, da rigar fata, da wayarka, da sau ukun da na hana Usta shiga. Mederbek ya daɗe yana kallon waldar. Bai zage ni ba, da ya zage ni ya fi mini. Ya tambayi Usta ko yanzu ruwan zai ƙara tsayawa, Usta ya ce muddin farin kan nan bai koma ba, ba zai tsaya ba. Na ɗauko shi na ba Mederbek, ya sa a aljihu. Raya kuwa kafin mu sauko labari ya kai gidan da ke kallonmu.

Ya sauke kayan daga mota. Apa tana nan, ba ta tafi ba.

Da ya tafi na shiga wurinta. Ɗanta ya riga ya gaya mata. Na durƙusa a gefen gado. Ta ce, "Tashi, 'yata, gwiwarki za ta yi ciwo. Na san ba ki san abin da ke cikin bango ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ni na roƙi Jumash ya hau wurinki. Na ce masa ya je kawai, Burul ba za ta rufe masa ƙofa ba tunda don ni ne."

Ka san makullin ƙofarta na biyu yana wurina shekara tara, ko ɗanta ba shi da shi. Ta ce in taimaka in kawo mata, wai hawa biyar ya yi mini nisa da sauka kullum, Raya ta fi kusa. Cikin ladabi ta faɗa, har da godiya. Na hau na cire shi daga cikin makullanmu na kawo. Yau da safe na ji takun Raya tana sauka da tukunya.

Falonmu yanzu kamar gidan burodi, taga a buɗe muke wuni. Usta ya ce zai iya mayar da gadar cikin awa biyu, na ce ya bari. Ramin ma yana nan, ban rufe ba, ba kuma zan rufe ba. Kai ka yanke, kai za ka mayar. Kada ka aiko mini da bayani ta waya, ba ni ce mai jin sa ba. Ranar da ka dawo, ka ajiye jakarka a hawa na ɗaya ka ƙwanƙwasa. Idan ta buɗe maka, ka hawo.

Sezim tana gaishe ka. Ta tambaye ni wa ya yanke bututun, na gaya mata.

Matarka,
Burul.